Goro Biyu a Hanyar Abuja

Akwai safiyar da har yau ba ta fita daga raina ba, safiyar da na kusa cutar da Malam Tanimu da hannuna, ina ganin taimakonsa nake yi. Tsofaffin abokan sana'a na Hunkuyi da Makarfi sun san shi, sun kuma ji gutsuren labarin. Ku matasan da kuka shigo harkar hatsi kwanan nan, gara ku ji shi cikakke daga bakina, tunda ni na yi kuskuren.

Ni dai da kwanon awo ɗaya da buhu uku na fara a bakin kasuwa. Ban gaji sito ba, ban gaji mota ba. Ga wanda bai san aikinmu ba, da kaka muke bin ƙauyuka, su Nasarawan Doya da Dandamisa har cikin ƙasar Ikara, mu sayi masara da dawa da waken suya, mu tara a sito, sannan mu loda wa masu yin abincin kaji a Kudu. Kafin mu sayi buhu sai mun soke shi da wani ƙarfe mai rami, ya fito mana da ƙwayar da ke ciki. Dalili kuwa, akwai masu yi wa buhu fuska, wato su zuba mai kyau a baki, su ɓoye mai ƙwari ko mai danshi a ƙasa. Ni an san ni da sukar buhu a gindi. Har suna aka sa mini a kan haka, ba na yabo ba.

Malam Tanimu mutumin Dandamisa ne, ya girme ni da shekara biyar ko shida. Shi ya fara tuƙa babbar motata, muka yi shekara goma sha tara tare. Ba ya shan taba, ba ya taɓa ƙwayoyin da wasu direbobi ke haɗiya don doguwar tafiya. Shi abinsa goro. Kullum akwai ɗan tsumma mai laima a aljihunsa da goro a ciki. A gaban mutane Alhaji yake ce mini. Idan mu biyu ne kuma ransa ya ɓaci, sai ya kira ni Garba, kamar lokacin da nake awo a bakin hanya.

Shekara uku ke nan, farkon damina, wata Laraba ana cin kasuwar Makarfi, muna lodi da hantsi. Na waiga na gan shi zaune a kan benci ya dafe ƙirji, gumi yana zuba kamar an watsa masa ruwa. Na ce, “Malam Tanimu, lafiya?”

Ya ce, “Ƙwannafi ne, Alhaji. Ɗanwaken nan ne na safe.”

Na sha ganin ƙwannafi, ban taɓa ganin wanda ya mayar da leɓen mutum toka-toka ba. Na sa shi a ƙaramar mota muka tafi asibiti, daga can suka tura mu Zariya. Likitoci suka ce bugun zuciya ne: ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe. Ya yi kwana tara a gado, Allah ya tashi kafaɗarsa, aka sallame shi da magunguna cike da leda.

Sati shida bayan nan sai ga shi a sito, ya yi wanka ya sa hula, yana neman makullin mota. Na ce sai likita ya yarda. A nan ne maganar ta yi nauyi, domin kaka ta doso. A sana'armu, direban da aka ba mota a bakin kaka shi ke da ita, ba a karɓe ta daga hannunsa a tsakiyar aiki, kuma yawanci ba ta komawa hannun na da. Malam Tanimu ya san haka sarai. Yana da 'ya'ya bakwai, biyu suna makarantar gaba da sakandare, kuma bai iya wata sana'a ba sai sitiyari. Maƙwabcina a layin sito, Alhaji Sabo, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, “Ka ba shi buhu biyar ka yi masa addu'a. Mota mai tan talatin za ka damƙa wa mai zuciya rabi?”

Muka koma wurin likitan Zariya. Ya manna masa wayoyi a ƙirji, ya yi masa hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki, ya ce a kwance dai ba laifi. Malam Tanimu har ya fara murmushi. Sai likitan ya ƙara da cewa, “Amma Baba, zuciyar da na gani yanzu hutawa take yi. Ban ga wadda za ta canza taya da tsakar rana ba. Ita nake so in gani kafin in ce ka koma mota.”

Ya bayyana mana cewa akwai gwajin da ake yi wa wanda ya taɓa samun bugun zuciya don a gane ko akwai sauran haɗari a gaba. Ana sa zuciyar aiki da gangan, a gaban likitoci, a yi wa mutum allurar wani ruwa da na'ura ke iya gani a cikin jini, a ɗauki hoto. Sai kuma a ɗauki wani hoton tana hutawa, a gwama biyun. Inda jini ke isa a hutu amma ya kasa isa lokacin aiki, nan ne matsala take kwance. Yawanci a kan wani inji ake tafiya, bel yana gudu a ƙarƙashin ƙafa. To Malam Tanimu gwiwarsa ta hagu ta daɗe da gajiya, shekara talatin tana taka kuloci. Saboda haka likita ya ce za a yi masa da allura, wadda ke buɗe jijiyoyin zuciya kamar mutum ya yi gudu alhali yana kwance. A wani babban asibiti a Abuja ake yi. Na ce na ɗauki nauyi. Aka ba mu rana, sati uku a gaba, da takardar sharuɗɗa: kada ya ci abinci da safiyar ranar, kuma tun jajibere kada ya sha shayi, ko kofi, ko baƙin lemon kwalba.

Ranar ta zo, muka tashi bayan sallar asuba, ni ke tuƙi. Tun kafin mu kai Kaduna na lura mutumina ba daidai yake ba. Sai hamma yake yi, yana matsa goshi, fuskar nan a yamutse. Na tambaye shi, ya ce matarsa, Malama Habiba, ta kwashe masa goro tun jiya da safe, wai ita ba ta yarda da komai ya shiga bakinsa ba sai tuwo da ruwa.

Na yi dariya. Na ce, “Kai ma dai, Malam Tanimu. Takarda ta ce shayi da kofi. Goro abin sha ne? Abinci ne?”

Ya ce, “Haka na faɗa mata.”

Da muka wuce Kaduna na tsaya wurin wani mai tire, na zaɓo goro biyu farare manya. Ba zan yi muku ƙarya a kan abin da ke raina ba. Ni a lissafina jarrabawa za shi, kuma ba a kai mutum jarrabawa a galabaice. Yadda ake wanke mota a gyara fitila kafin a kai ta wurin masu duba ta, haka na ɗauki abin. Na ce, “Ci, ka shiga musu da ƙarfinka. Kada su gan ka kamar kazar da ruwa ya daka.” Ya cinye ɗaya nan take, ɗayan kuma ya bi shi a hankali har muka shiga Abuja. Idonsa ya buɗe, har ya fara gyara mini tuƙi.

A asibitin wata nas ta karɓe mu, ba Bahaushiya ba ce amma tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta riƙe takarda tana tambaya. “Baba, ka ci abinci?” A'a. “Ka sha shayi?” A'a. “Kofi? Lemo?” A'a. Duk gaskiya ya faɗa. Ta sa masa 'yar robar allura a bayan hannu, ta ce mu jira likita.

Likitan matashi ne, daga Hausarsa ka san Bafulatani ne, mai fara'a. Ya zauna ya sake bayyana mana yadda za a yi. Ni kuma halina ne, ba na sayen abin da ban tambayi asalinsa ba. Na ce, “Likita, don Allah me ya haɗa shayi da hoton zuciya?”

Ya ce, “Tambaya mai kyau, Alhaji. Akwai wani sinadari a cikin shayi da kofi, shi ne abin nan da ke wartsake mutum ya hana shi barci. Idan yana cikin jini, yakan tare wa allurarmu hanya, ta kasa buɗe jijiyoyin yadda ya kamata. Sai mu ɗauka mun sa zuciya aiki alhali ba mu sa ta ba. Hoto yana iya fitowa tsaf, mu ce mutum ya tafi lafiya lau, ga kuma cuta a ɓoye.”

Abin da ke hana barci. Wanda ya yi shekara goma sha tara yana tura direba Kudu ba sai an gaya masa abin da ke hana barci ba. Goro ne. Na dubi Malam Tanimu, na tarar shi ma ni yake kallo. Ya gane kamar yadda na gane.

Aka leƙo aka kira likitan, ya ce mu ba shi minti biyar. Ƙofa na rufuwa Malam Tanimu ya damƙi hannuna.

“Garba, ka yi shiru.”

Na ce, “Ka ji abin da ya ce.”

“Na ji. Cewa ya yi hoto zai fito tsaf. Ba abin da muka zo nema ke nan ba?”

“Hoton ƙarya?”

“Wa ya yi ƙarya? Sun tambaye ni shayi, na ce ban sha ba. Na sha? Kai ka saya mini, kai ka ce ba komai. Yanzu kuma kai za ka tona? Idan suka ɗage, kaka ta shigo, ka ba wani motata. Ni lafiyata ƙalau, ni ke cikin jikina. Ka dubi zumunci, Garba. Ka dubi yaran nan.”

Ku sani, ba tausayinsa kaɗai ya riƙe mini baki ba. Ni ma ina bukatarsa. Samun direban da zai kai kaya Kudu ya dawo ba a taɓa buhu ɗaya ba, ba abu ne mai sauƙi ba. Ga kunya kuma, dattijo da furfurarsa ya buɗe baki a gaban yaron likita ya ce shi ya ɓata aiki. Na kuma ce a raina, wa ya sani, wataƙila goro daban ne, wataƙila biyu ba su isa komai ba. Idan mutum yana son abu, hujja ba ta yi masa wuya.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wani tsoho daga Nasarawan Doya. Kakar da ta gabata na soki buhunsa a gindi a gaban jama'a, masara mai danshi ta fito, na mayar masa da kayansa yana roƙo ina girgiza kai. Na yi masa haka a kan buhu huɗu. Yau ga ni zaune na yi wa zuciyar mutum fuska, ina jiran a ɗinke bakin buhu in loda shi a kan titi, da tan talatin a bayansa da motocin fasinja a gabansa.

Likita ya dawo yana cewa a shirya. Na ce, “Likita, tsaya. Goro fa?”

Ya tsaya cak. “Goro? Ya ci?”

“Biyu, manya. Ni na saya masa a hanya.”

Ya dafe kai, ya yi 'yar dariyar da ba ta jin daɗi ba. Ya ce, “Goro ai shi ne babba. Wallahi Alhaji ka kyauta da ka faɗa.” Ya karɓi takardar daga hannun nas ɗin ya duba, ya ce laifin bai tsaya a kanmu ba, wanda ya tsara takardar bai yi tunanin mutanenmu ba. A gabana ya ciro biro ya rubuta goro a ƙasan jerin, ya ce mata daga yau a riƙa tambaya. Ya ce ba za a yi gwajin ba a ranar. Ruwan da ake amfani da shi ba kullum ake samu ba, kuma akwai layi, sai nan da kwana goma.

Muka kamo hanyar gida, Malam Tanimu ya juya fuskarsa wajen taga. Na tsaya mu ci abinci, ya ce ya ƙoshi, mutumin da rabonsa da abinci tun jiya. Muna shiga Zariya ya ce, “Sauke ni a tasha, Alhaji.” Mu biyu ne kaɗai a motar, amma Alhaji ya ce. Wannan ya fi mini zafi da a ce zagina ya yi.

Sabuwar masara ta fara fitowa a satin, mota kuma ba za ta zauna ba. Na nemo wani direba daga Ikara, na tara shaidu uku a ƙofar sito, na ce masa, “Riƙo zan ba ka. Motar nan tana da mai ita. Ranar da likita ya sake shi, ka miƙa makulli, ni kuma in nema maka wata.” Ya amince. Alhaji Sabo yana daga ƙofarsa yana jin mu, ya ɗaga murya ya ce, “Garba ya buɗe asibiti a layin hatsi! A kawo masa masu ciwon baya su ma!” Na ce masa idan nasa ciwon ya tashi ya zo, akwai gado.

Ranar komawa na isa Dandamisa ban san ko zai fito ba. Ya fito, amma Malama Habiba ce a gaba da mayafinta da jakarta. Ta gaishe ni cikin ladabi har ƙasa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, zazzage mini aljihunka.” Na zazzage. Ta buɗe aljihun gaban mota ma ta duba. A bayanmu ta zauna har Abuja, duk mai tiren da ya matso sai ta ɗaga gilashi.

Wannan karon aka yi gwajin. Suka kwantar da shi, wayoyi a ƙirji, abin awon jini a damtse, likita da nas a tsaye a kansa. Ya gaya mini daga baya cewa da aka sa allurar ya ji zafi ya taso masa har fuska, numfashi ya yi nauyi kamar ya hau tudu da buhu, amma cikin 'yan mintoci ya wuce. Daga nan aka shigar da shi ƙarƙashin na'urar tana zagaya ƙirjinsa. Aka ba shi hutu na wasu awanni, aka sake ɗaukar na biyu.

Da la'asar likita ya kira mu mu uku, ya juyo mana allon kwamfuta. Hotunan kamar zobba suke, masu haske, layi biyu. Ya nuna na ƙasa ya ce wannan tana hutawa ne: zoben ya kusa cika, sai ɗan gurbi ƙarami, tabon bugun da ya same shi. Ya nuna na sama, lokacin aiki. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na ga bambanci. Gefe guda na zoben ya dushe, babban yanki.

Ya ce, “Baba, akwai wata jijiya ta biyu da ta ƙuntace. A zaune tana isar da jini, shi ya sa kake jin lafiyarka ƙalau. Da aiki ya yi nauyi sai ta gaza. Amma ga abin farin ciki: naman wurin yana da rai, yunwar jini kawai yake yi. Wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan kuwa ana iya ceto shi.”

Malam Tanimu ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce, “Da an yi rannan, wannan duhun zai fito?”

Likita ya ce, “Mai yiwuwa ba zai fito ba.”

Malama Habiba ta ce, “Inna lillahi,” a hankali. Shi kuwa bai dube ni ba.

Bayan sati biyu aka zura masa siririyar roba ta jijiyar hannu har zuciya, aka ga wurin da ya ƙuntace daidai inda hoton ya nuna, aka buɗe shi aka sa wata 'yar raga ta ƙarfe ta riƙe. Kwana biyu ya yi aka sallame shi. Kakar nan dai ta wuce shi gaba ɗaya. Ya zauna gida yana shan magani, kullum da safe yana taka ƙafa daga gida zuwa bakin fadama ya dawo, kamar yadda aka umarce shi. Ni kuma duk Juma'a ina aika masa gaisuwa, amsa tana dawowa a taƙaice.

Sai da rani ya yi nisa likitan Zariya ya sake duba shi, ya ce zai iya komawa sitiyari da sharaɗi: gajeriyar tafiya, da rana, ba ɗaga taya, ba Kudu. Goro ma a rage. Na sayi wata tsohuwar mota matsakaiciya don kwaso kaya daga ƙauyuka zuwa sito, babbar kuma na bar wa mutumin Ikara da yardar Malam Tanimu, bisa sharaɗin shi Malam Tanimu ne shugaban direbobina, ba motar da za ta tashi sai ya zagaya ta ya saurari injinta. Har yau haka muke. Babban ɗansa ya gama karatu bara.

Ranar da ya zo karɓar makulli na ga ya tsaya yana laluben aljihu. Ya ciro goro biyu farare manya, ya ajiye a kan buhun da ke gabana.

Ya ce, “Ga kayanka na dawo maka da su, Garba. Ba su yi aiki ba.”

Alhaji Sabo da ke tsaye a gefe ya miƙo hannu zai ɗauki ɗaya, Malam Tanimu ya buge hannun ya ce, “Kai da ka ce a ba ni buhu biyar?”

Abin da na koya ke nan, ku da kuke tasowa. Mu 'yan kasuwa mun iya tsananta bincike a kan kayan wani, amma idan abin ya zo kan namu, ko kan mutumin da muke ƙauna, mu ne na farko wajen gyara bakin buhu, kuma sai mu kira shi taimako. Mutanen da ke mana aiki, direba ne ko ɗan dako, za su ɓoye ciwo matuƙar sun san faɗinsa zai raba su da abincinsu. Idan kana son su gaya maka gaskiya, sai sun tabbata gurbinsu yana nan. Idan kuma likita ya ba ku takardar sharaɗi, kada ku tsaya kan abin da aka rubuta kawai, ku tambayi dalili. Tambaya ɗaya ta fitar da mu.

Goron nan biyu ban ci ba. Sun bushe sun yi ƙarfi kamar dutse, suna cikin aljihun teburina a sito, tare da ƙarfen da nake soka buhu.